Igiyar da Mutum Ke Ɗaure Kansa da Ita

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san asusu, watau 'yar tukunyar nan ta ƙasa wadda magini yakan rufe ta ruf tun tana ɗanya, ba ya bar mata baki sai wata siririyar tsaga gwargwadon yadda kwabo zai shige, sa'an nan ya gasa ta a haka. Na daɗe ina juya al'amarin wannan tukunya a zuciyata, domin in mutum ya dube ta da idon basira zai ga abin mamaki: ga baligi mai hankali, kuɗin nasa ne, guminsa ne, babu wanda ya tilasta shi, amma ya je kasuwa ya sayi abin da ba shi da wani aiki face ya hana shi taɓa dukiyarsa. Da ɓarawo ake gudu, da akwatin ƙarfe aka nema da kwaɗo, alhali kuwa asusu ko yaro ya buga shi da ƙasa ya fashe. Wanda ake tsoro a nan shi ne mai kuɗin da kansa, a ranar da dillaliya za ta shigo da sabuwar atamfa, ko ƙanshin tsire ya bugo shi da yamma, ko wani ya zo masa da 'yar buƙatar da ba ta kai ta kawo ba, shi kuwa kunya ta hana shi cewa babu.

Wanda ya fara ƙago wannan tukunya, ko wane ne shi, ya gano wata mas'ala da malamai suka cika littattafai da bayaninta, ita ce cewa ɗan Adam, ko da yake a ido mutum guda ne, cikin ƙirjinsa kamar mutum biyu ne ke zaune, kuma ba kasafai suke haɗuwa a zaure ɗaya ba. Akwai na dare, wanda bayan sallar lisha, ciki ya cika, jiki ya huta, yakan kwanta ya tsara yadda daga gobe zai riƙa tashi kafin assalatu, ya biya bashin da ke kansa, ya koma karatun da ya watsar, ya bar sigari, ya tara kuɗin kwanon da zai rufe ɗakin mahaifiyarsa kafin damina. Akwai kuma na safe, wanda shi za a tasa cikin sanyin hunturu, shi zai ji ƙaiƙayin taba a maƙogwaro, shi kuma zai ga kuɗin a tafin hannunsa ga kasuwa tana ci. Na farko ke ɗaukar alkawari, na biyu ake bari da kayan, ga shi kuwa ba a yi shawara da shi ba. Don haka ba ya fitowa fili ya ce ya ƙi, sai ya ce a bari sai gobe. Wannan cuta ita malaman tarbiyya suke kira taswifi, daga kalmar Larabci saufa, wadda ake sa wa a gaban aiki don nuna cewa nan gaba za a yi shi, kuma magabata sun lissafa ta cikin rundunonin Iblis, domin mai ita ba ya jin ya yi laifi, kullum gani yake yana nan a kan niyyarsa.

Turawa suna da al'adar ƙulla niyya a ranar farko ta sabuwar shekararsu, kuma a ƙarshen shekarun 1980 wani malamin ilmin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Scranton ta Amurka, John Norcross, ya bi sawun mutum 200 da suka yi irin wannan niyya don ya ga inda za su kwana. Bayan mako guda, 77 cikin ɗari suna riƙe da ita. Bayan wata guda suka koma 55. Bayan wata shida 40. Da aka cika shekara biyu kuwa 19 kaɗai suka rage. Mu ba mu buƙatar ƙetare teku kafin mu ga haka, domin duk wanda ya ga yadda masallacin unguwarsu ke batsewa a daren ashirin da bakwai ga Azumi, har a shimfiɗa tabarmi a kan titi, ya kuma koma ya ƙirga sahun asuba a tsakiyar Shawwal, ya riga ya san lissafin. Ban yarda cewa waɗanda suka yi kuka a daren nan munafunci suka yi ba. Niyyarsu gaskiya ce a sa'ar da suka yi ta, illa dai a Azumi gari duka ke tafiya tare, mai ganga yana tashin mutane sahur, maƙwabci yana ƙwanƙwasa ƙofa, kowa yana ganin kowa, da wata ya tsaya kuwa sai aka watse aka bar kowa da zuciyarsa.

Kada wani ya zaci wannan rauni na jahilai ne ko na marasa himma kaɗai. Imamu Abu Hamid Gazali, wanda aka haifa a Ɗusa ta ƙasar Farisa a shekarar 1058, ya kuma rasu can a 1111, ya kai matsayin da kowane malami na zamaninsa ke buri, domin shi ne babban malamin makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai 300 ke zama gabansa, halifa da waziri suna sauraron maganarsa. Amma da ya binciki zuciyarsa ya tarar neman suna da ɗaukaka sun gauraya da koyarwar tasa, ya ƙudurta zai bar kujerar ya fita, sai fitar ta gagara. Ya ba da labari da kansa cikin littafinsa Almunƙizu minad Dalal cewa kusan wata shida ya yi, tun daga Rajab na shekarar 488 ta Hijira, daidai da 1095, yana ƙulla azama yana kwancewa, abin da ya yanke da safe sha'awar duniya ta rushe shi kafin dare, har abin ya kai harshensa ya ɗaure ya kasa ba da darasi, cikinsa kuma ya daina karɓar abinci. Sai a watan Zulƙida ya fita ya nufi Sham. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin ƙissar shi ne abin da ya yi bayan fitar: da ya isa kabarin Annabi Ibrahim, alaihis salam, a garin Halil, ya ɗauki alkawari uku, cewa ba zai ƙara zuwa fadar wani sarki ba, ba zai karɓi dukiyar sarki ba, ba zai kuma sake shiga munazara ba, watau jayayyar malamai a bainar jama'a. Mutumin da ya ɗanɗana yadda azamarsa ke narkewa bai yarda ya sake dogara da ita tsuranta ba, sai ya ɗaure ta a wuri mai alfarma da sharuɗɗa ƙididdigaggu waɗanda ba su karɓar tawili, kuma shekaru bayan haka, da masu mulki suka neme shi, waɗannan alkawuran ya kawo hujja cikin wasiƙunsa.

Saboda haka in Gazali ya yi magana a kan wannan babi, maganar wanda ya sha wuyar abin ce. Cikin littattafai arba'in da suka haɗu suka zama Ihya'u Ulumiddin, na talatin da takwas a kan muraƙaba da muhasaba yake, a nan ne kuma ya kamanta hankali da ɗan kasuwa, ya kamanta rai da abokin cinikin da aka ba jari, irin abokin nan da in an sake masa fuska zai cinye uwar kuɗi. Ya ce a fara da musharaɗa, watau bayan sallar asuba mutum ya keɓe ɗan lokaci ya gindaya wa ransa sharuɗɗan wannan yini, kamar yadda mai dukiya ke gindaya wa yaron shagonsa kafin ya danƙa masa kaya. Sa'an nan muraƙaba, sa ido a kansa yayin da ake cikin aiki. Sa'an nan muhasaba, a zauna a ƙarshen yini a yi lissafi, a ga jari yana nan ko ya taɓu, an ci riba ko an faɗi. Bayan waɗannan ya kawo mu'aƙaba, da mujahada, da mu'ataba, watau horo in an sami ha'inci, da ƙara matsa wa rai in ya yi kasala, da yi masa faɗa. Tun kafin Gazali ma an yi wani malami a Bagadaza, Harisu, wanda ya rasu a shekarar 243 ta Hijira, da yawan yi wa kansa hisabi ya sa aka yi masa laƙabi da Almuhasibi, har laƙabin ya rufe sunan. Kowane ɗan kasuwar Kurmi ko Kantin Kwari zai gane wannan tsari ba tare da sharhi ba, domin ba a taɓa jin mai shagon da ya ce wa yaronsa ya yi iyakar ƙoƙarinsa kawai, ya bar shi shekara ba lissafi, ya kuma sa ran tarar da dukiyarsa ba. Abin baƙin ciki shi ne mutumin da ba zai kwana bai ƙirga cinikin yini ba, shi ne zai yi shekara goma bai tambayi kansa ina ya kwana game da karatun da ya ce zai yi ba.

Sharaɗin da ba shi da lokaci da wuri bai zama sharaɗi ba tukuna, buri ne. Wanda ya ce zai ƙara himma wajen karatu bai ce kome ba, domin babu ranar da za a kama shi da saɓawa. Wanda ya ce zai karanta shafi biyu kowace rana bayan sallar asuba, a kan buzunsa, kafin ya taɓa wayarsa, ya faɗi magana wadda kafin hantsi za a san ya cika ta ko bai cika ba. Wani masani Bajamushe, Peter Gollwitzer, da abokiyar aikinsa Veronika Brandstätter sun gwada wannan cikin wani bincike da suka buga a 1997: sun roƙi ɗaliban jami'a da za su tafi hutun Kirsimeti su rubuto yadda suka yi daren bikin cikin kwana biyu da wucewarsa, amma rabinsu aka sa su faɗi tun kafin su tafi a wace sa'a da wane wuri za su zauna su yi rubutun. Cikin waɗanda suka ajiye lokaci da wuri, kimanin bakwai cikin goma suka aiko a kan kari; cikin sauran kuwa kimanin uku cikin goma. Dalilin bai ɓuya ba: wanda ya riga ya yanke lokaci ya ɗauke wa mutumin safe wahalar shawara, da sa'ar ta zo sai tashi kawai. Musulmi ya fi kowa cancantar fahimtar wannan, domin da an ce masa ya yi salla sau biyar a yini duk sa'ar da ya sami sarari, da Allah kaɗai ya san nawa za su kai ga dare. Amma da yake kowace an yanka mata lokacinta, an kuma sa ladan ya kira, sai ga manomi da direba da alƙali suna tsayar da ita shekara hamsin ba su zauna sun yi shawarar yaushe ba.

A nan ya kamata in taɓa wata ɗabi'a tamu, ko da yake maganar tana da nauyi. An umurce mu mu jingina abin da za mu yi gobe ga mashi'ar Ubangiji, wannan kuwa ladabi ne na bawa wanda ya san numfashinsa ba a hannunsa yake ba. Amma sannu a hankali kalmar in Allah ya yarda ta koma a bakin wasunmu ƙofar baya, har ya zama in tela ko makaniki ya faɗe ta da wata irin murya, mai kaya ya san kada ya zo ranar. Wannan zalunci ne ga kalma mai girma. Wanda ya faɗe ta da gaskiya ya riga ya yanke cewa shi dai zai yi, abin da ya rage sai hukuncin da ya fi ƙarfinsa, kamar ciwo ko mutuwa. Kasala da mantuwa da son jiki ba sa cikin abin da ake fakewa da mashi'a a kansu.

To, ko an yanka lokaci, mutum shi kaɗai alƙali ne mai saurin yi wa kansa afuwa, domin shi ne mai ƙara, shi ne wanda ake ƙara, shi ne kuma mai hukunci. A nan ne hikimar iyayenmu mata ta wuce ta asusu, suka kafa adashi. Mata goma, misali, su yarda kowace za ta riƙa zubin naira dubu duk ranar Juma'a a hannun uwar adashi, a tattara a ba mutum ɗaya, mako mai zuwa a ba wata, har a zagayo. In aka dubi abin ta fuskar lissafi zalla, wadda za ta ɗauka a ƙarshe ba ta ƙaru da ko kwabo ba, abin da ta zuba shi ta kwasa, ta ma ɗauki kasadar wata ta ci ta gudu. Da ta ajiye a ƙarƙashin katifa, da adadin ɗaya ne. Amma kowace mace ta san a ƙarƙashin katifa ba zai kai ba. Abin da take saye da wannan kasada shi ne idon 'yan'uwanta tara, da yarinyar da uwar adashi za ta aiko da hantsin Juma'a ta yi sallama ta ce an ce a ba da zubi, da kuma wata fa'ida da ba a cika ambatonta ba, ita ce samun amsar da za ta ba maigida ko ƙani in ya zo neman rance, ta ce kuɗin adashi ne, ba nata ba ne, kowa kuwa ya san wannan uzuri ne da ba a ja da shi. Da haka aka yi kayan ɗakin 'ya'ya mata da ba su ƙirguwa, aka sayi keken ɗinki da tumakin kiwo, har da kujerar Makka. Ba mu kaɗai ke da ita ba, Yarbawa suna ce mata esusu, a Gana susu, a ƙasashen da ke amfani da Faransanci tontin, wanda ke nuna cewa ko'ina ɗan Adam yake ya san bai isa ya tsare kansa shi kaɗai ba.

Masana tattalin arziki sun auna ƙarfin wannan ido a ƙasar Cile ta Kudancin Amurka, inda Felipe Kast da Stephan Meier da Dina Pomeranz suka yi gwaji da ƙananan 'yan kasuwa fiye da 2,600. An buɗe wa wasu ajiyar banki ta yau da kullum, wasu aka ba su mai ƙarin kuɗin ruwa har kashi 5 cikin ɗari, wasu kuma aka ce su riƙa faɗin abin da suka yi niyyar ajiyewa gaban 'yan ƙungiyarsu, in an sake haɗuwa su nuna takardar shaidar sun zuba. Ƙarin kuɗin ruwa bai motsa yawancin mutane ba. Amma masu nuna takarda gaban jama'a sun riƙa zuba kuɗi fiye da sau uku na sauran, abin da suka tara kuma ya kusa ninki biyu. Da aka sake gwaji da saƙon waya da ke bibiyar mutum kowane mako, sai aka sami sakamako mai kusa da wancan, abin da ke nuna cewa babban sirrin yana cikin sanin cewa akwai ranar da za a waiwaye ka.

Makarantar allo a kan wannan ƙa'ida aka gina ta tun fil azal. Almajiri ba ya wanke allonsa don ya ga dama, sai ya je gaban malam ya biya abin da ke rubuce ba gargada, sa'an nan a ba shi izinin wankewa ya rubuta na gaba; gardin da ya kai ga satu kuwa yakan kai allonsa darasu gaban alarammomi, a bi shi harafi harafi, wasali wasali, a fitar masa da kurensa gaban tsaransa. Izu sittin nauyi ne da in aka aza wa yaro shi gaba ɗaya zai karaya, amma ba a taɓa aza masa sittin ba, allo guda ake aza masa, da malamin da zai saurare shi gobe. Dubban mahaddatan da ƙasar Hausa da Barno suka yaye ba duka ne masu kaifin ƙwaƙwalwa na musamman ba. Abin da suka samu shi ne tsarin da ba ya barin kwana ya wuce ba a tambaye su ba.

Sai dai akwai wani kuskure da na ga ya yawaita, musamman tun da wayar hannu ta shiga kowane aljihu, shi ne zaton cewa shelanta niyya ga duniya daidai yake da ajiye shaida. Mutum zai rubuta a Facebook cewa daga yau ya fara haddar Alƙur'ani, ko zai rubuta littafi, ko ya bar shan lemon kwalba, nan take mutum ɗari su yi masa barka da sambarka, cikinsu kuwa babu ko ɗaya da zai dawo bayan wata guda ya ce ina aka kwana. Gollwitzer ɗin nan da na ambata ya buga wani bincike a 2009 wanda ya nuna cewa ɗaliban shari'a da aka lura da niyyarsu ta zama ƙwararrun lauyoyi sun fi saurin ajiye aikin da aka ba su a kan waɗanda ba a kula da tasu niyyar ba, kamar dai yabon da suka hango ya riga ya ƙosar da su, suka ji sun zama abin da ba su zama ba tukuna. Malamanmu sun san wannan da sunan riya da sum'a, suka ce suna cinye ladan aiki; ga shi ya bayyana suna cinye aikin kansa tun bai tsiro ba. A ganina shaidar kirki mutum ɗaya ne ko biyu, wanda kake jin nauyinsa, wanda ba ya jin kunyar tambayarka, wanda kuma ba zai tozarta ka a gari ba in ka gaza. Sa'an nan abin da za ka kai masa ya zama aikin da aka yi, shafi nawa, naira nawa, kwana nawa, a ranar da kuka ajiye. Abokin da duk uzurin da ka kawo zai ce ai ba kome, Allah ya kai mu wani makon, yana ƙaunarka, amma ba shi za ka ɗauka wannan aiki ba.

Akwai masu ƙarawa da jingina, su sa wani abu nasu cikin haɗari don saɓawa ta yi musu tsada. A tsibirin Mindanao na ƙasar Filifin, Nava Ashraf da Dean Karlan da Wesley Yin sun haɗa kai da wani bankin karkara aka yi wa mutum 710 tayin wata ajiya wadda ba ta da ƙarin riba ko kaɗan, abin da ta bambanta da shi kawai shi ne mai ita ba zai iya cirewa ba sai ranar da ya ajiye da kansa ta zo ko adadin da ya yanka ya cika. Mutum 202 suka karɓa, akasarinsu kuma suka ɗauki wani ɗan akwati da mabuɗinsa ke hannun banki, watau asusunmu ne ya sake riga. Bayan shekara guda ajiyar waɗanda aka yi wa tayin ta ɗara ta sauran da kimanin kashi 80 cikin ɗari, kamar yadda suka buga a 2006. Amma igiya in ta yi tsauri takan yanke ko ta yi rauni. A can Filifin ɗin aka gwada wa mashaya sigari su riƙa zuba kuɗi wata shida, in gwajin fitsari ya nuna sun bari a mayar musu, in ba haka ba a ba da kuɗin sadaka; tsarin ya taimaki wasu, amma kusan biyu cikin uku na waɗanda suka shiga sun rasa kuɗinsu. A yammacin Kenya kuma Pascaline Dupas da Jonathan Robinson sun raba wa 'yan adashi akwatunan tara kuɗin kiwon lafiya, wasu mabuɗin na hannunsu, wasu yana hannun jami'i, sai ya zamana masu riƙe da mabuɗinsu ne abin ya fi amfana, domin talaka yana tsoron kulle kuɗinsa inda ba zai kai gare su ba in yaro ya kwana da zazzaɓi. Maginin asusu ya fi su dabara da ya yi shi da ƙasa: fasa shi yana da ciwo da kunya, amma in lalura ta gaske ta zo ana iya fasawa.

Shari'a ma a kan wannan matsakaicin mataki ta tsaya. Ta girmama rantsuwa da bakance, ta wajabta cika bakancen ɗa'a, amma ba ta kwaɗaitar da mutum ya riƙa ɗora wa kansa su ba, kuma ta buɗe ƙofar kaffara ga wanda ya yi rantsuwa ya saɓa, ya ciyar da miskinai goma, ko ya tufatar da su, ko ya 'yanta wuya, in bai samu ba ya yi azumin kwana uku. Horo ne mai zafi gwargwado, wanda ba ya rushe gida. Abin da nake jan kunnen 'yan'uwana maza a kansa shi ne mugunyar al'adar nan ta rantsuwa da igiyar aure, mutum ya ce in ya sake shan taba ko ya sake taka gidan wane matarsa ta saku. Ibnu Abi Zaid Alƙairawani ya bayyana cikin Risala cewa mai irin wannan rantsuwa ana ladabtar da shi, kuma sakin yana lizimtarsa in ya saɓa. Wanda zai yi jingina ya yi da abin da yake nasa, kuɗinsa ko hutunsa ko abincin da yake so. Matarsa da 'ya'yansa ba su ci bashin kasalarsa ba.

Faɗuwa kuwa za a yi ta, kuma yawancin niyyoyi a wurin faɗuwar farko suke mutuwa, domin Shaiɗan yakan zo wa mutum ta fuska biyu, kafin aiki ya ce akwai lokaci, bayan tuntuɓe ya ce ai an riga an ɓata. Phillippa Lally da abokan aikinta a wata jami'a ta Landan sun bi mutum 96 da ke ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a, suka tarar matsakaicin lokacin da abin ke ɗauka kafin ya zama jiki kwana 66 ne, wani 18 ya ishe shi, wani kuwa lissafinsa ya kai 254, kuma tsallake rana guda bai rushe ginin ba. Mu da muka san ramuwar salla da ramuwar azumi bai kamata wannan ya zama mana baƙo ba, domin ba a ce wa wanda barci ya kwashe har rana ta fito ya bar salla tun da ya ɓata lissafi, cewa ake ya tashi ya rama. Amfanin shaida mafi girma a irin wannan rana yake bayyana, domin wanda ba shi da mai tambayarsa yakan bar kwana ɗaya ya zama wata, wanda kuwa ake jiransa ranar Asabar dole ya zo, ko da hannu wofi ne, ya faɗi gaskiya, a sake ɗaura niyya daga nan.

Ni kaina na yi shekaru da dama da Risalar nan a kan kanta, na karanta ta zuwa babin azumi a ƙuruciya, hidimar iyali ta ɗauke ni, kowace shekara kuma in Azumi ya kama sai in ƙudurta zan sauke ta, in buɗe kwana uku ko huɗu, in rufe. Abin ya dame ni ƙwarai, domin littafin na mahaifina ne, da rubutun hannunsa a gefen shafuka, kuma na san da wace niyya ya bar mini shi. Bara na je wurin wani dattijon malami a unguwarmu na gaya masa halin da nake ciki ba tare da na ƙawata kome ba, sai ya ce in riƙa zuwa Asabar da Talata bayan sallar asuba, in karanta masa abin da ya biya mini a zaman baya kafin ya ƙara mini, in kuwa ban zo ba zai aiko jikansa ya ji ko lafiya. Sau biyu yaron ya yi sallama a ƙofar gidana, na biyun ma ana yayyafi, ya tsaya a zaure da ɗan buhu a ka yana cewa Malam ya ce a gaishe ka, ya ce ko jiki ne. Tun daga ranar ban ƙara bari an aiko shi ba. Asabar da ta wuce muka gama babin rantsuwa da bakance, ranar Talata kuma, in Allah ya kai mu, za mu shiga babin aure.